Ni Na Sa wa Mutari Suna Bandi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Mutari, kuma rubuta wannan takarda ya ba ni wuya. Na yi dakon siminti a Kano, na yi haƙar rijiya a Icirnawa har ƙasa ta kusa rufe ni, duk ba su kai wannan ba. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Wanda ya ga rubutun ya karkace sai ya yi haƙuri. Ba gwaninta na zo nunawa ba.

Mutari taubashina ne, ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Wata bakwai ne tsakaninmu. A nan Matameye muka tashi, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya, rana ɗaya. Duk wanda ya san taubasantaka ya san dokarta. Ka tare taubashinka a tsakiyar kasuwa, ka cire masa hula, ka ce masa bawanka ne, ba shi da ikon yin fushi. In ya yi fushi shi ne abin dariya, har tsofaffi su ce ba a yi masa tarbiyya ba. Abin da ya rage masa kawai ya rama. Mu kuwa mun iya ramuwa. Shi Kan Tulu yake ce mini, saboda girman kaina, kuma gaskiya ya faɗa. Tun muna yara ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba.

In an gama girbin hatsi, mukan tattara mu tsallaka Kano ci-rani kamar kowa. Da damina kuma Mutari yana da teburin shayi a bakin tasha, in ya taso daga gona. A Kano mu shida ne a ɗaki ɗaya, duk 'yan garinmu. Wata rana da la'asar ana dafa taliya, risho ya kama da wuta gaba ɗayansa. Kowa ya yi ta kansa. Mutari ne ya sunkuci rishon da hannu biyu ya fita da shi waje, wutar ta bi rigarsa ta ci wuyansa da haɓarsa har zuwa kunne. Ni ina kwance a ƙuryar ɗakin ina barcin gajiya, sai ihu ne ya tashe ni. Wannan ma a rubuta.

Bai mutu ba, amma da ya warke fatar wuyan ta tattare ta ja kansa gefe guda. Ba ya iya miƙe shi. Muryarsa kuma ta dushe, sai ka matso kake jin abin da yake cewa. Aka dawo da shi gida, ya shige ɗaki wata huɗu, masallaci kaɗai yake fita, shi ma da rawani ya rufe har hanci, a sahun ƙarshe.

A shekarar nan ban koma Kano ba, domin na sami aiki a gida. Wani Alhaji ya buɗe gidan kallo a bayan tasha: rumfar zana da kwano, benci takwas, tele ɗaya, gurup mai ba da wutar lantarki a waje yana ƙugi. Finafinan da Faransanci suke zuwa, mutanenmu kuma ba sa ji. Sai ya ɗauke ni fassara. Ni ɗin ma a kalma goma bai fi in kama ɗaya ba, sauran daga kaina nake ƙago su. Nakan hau durom a gefen tele da 'yar sanda a hannu, in nuna mutum in faɗi abin da na ga dama. Abin da ya sa aka so ni, ina shigo da garinmu cikin fim. In tsohuwa ta fito in ce ga mai kokon bakin masallaci. In mai tumbi ya fito in ce sarkin fawa ne ya ci kasuwa. Wanda aka ambata ya yi dariya, gobe ya dawo da abokansa. Yau wurin ya zama shagon cajin portabul, wato wayar hannu, yaran da suke zama a can ba su san an taɓa biyan mutum don ya yi wa jama'a ƙarya a gefen tele ba. Da Mutari zai leƙo ya ga haka, ina jin zai ce gara da aka huta.

Ana nan sai aka kawo wani fim da duniya ta ɗauka a lokacin. Sunansa ba zan faɗa ba, da ma ban taɓa iya faɗarsa daidai ba. Jarumin wani saurayi ne mai kaya masu kama jiki, yana tsalle daga wannan bene zuwa wancan, harsashi ba ya cinsa. Na ce wa mutane ɗan tauri ne da ya sha magani ya wuce ƙa'ida. Amma ba shi ne ya riƙe fim ɗin ba. Mugun ne. A Kano bos suke ce wa irinsa, mu a nan shef bandi muke cewa. Wannan shef bandi ba ya gudu, ba ya ihu, ba ya zare ido. Wuta ta taɓa cinsa a wuya, kansa ya karkata gefe kamar mai sauraren wani abu a ƙarƙashin ƙasa. In zai hallaka gari guda, zama yake yi a kujera, yana magana a hankali, yana juya cokali a cikin kofi. Jarumin kafin a fita daga rumfa an manta da shi. Shi kuwa wannan, sai ka je gida kana jin ƙarar cokalin.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa abin da ya faru suɓul da baka ne. Ƙarya ne. Duk sabon fim ni da Alhaji muke fara kallonsa da hantsi, don in shirya abin da zan faɗa. Tun a nan na ga karkatar kan, na ga cokalin, na san wa zan ambata. Daga nan na wuce gidan gwaggo na fito da Mutari da kaina. Na ce masa ya tashi ya sha iska, ya cire tsumman nan daga fuskarsa, shi ba amarya ba ne. Ya biyo ni.

Ba zan ce ba ni da wata hujja a raina ba. A wurinmu in masifa ta sami mutum, taubashi ne yake fara yi mata wasa. Shi ke da wannan izini, kuma sau da yawa shi ne magani, domin da an yi dariya sau ɗaya mutane sukan daina kallon mutum da tausayi. Na gaya wa kaina abin da zan yi ke nan. Rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin, ranar kasuwa ce, rumfa ta cika har da mutanen Tsauni a tsaye, kuma ina son in ji ta fashe.

Bayan la'asar aka sa fim. Mutari yana bencin baya, fuskarsa a buɗe karo na farko. Da shef bandi ya fito ya zauna ya ɗauki cokali, sai na ɗaga sandata na ce, "Jama'a a gyara zama, ga Mutari ɗan gwaggo ya iso. Wanda ya taɓa cewa shayinsa ba sukari, yau zai gane kurensa."

Rumfa ta fashe kamar yadda na so. Kowa ya waiga baya. Wani har ya faɗo daga benci. Mutari ya yi dariya shi ma, ya ɗaga hannu, ya ce da muryar nan tasa, "Ci gaba, Kan Tulu, zan kama ka." Ni kuwa na ɗauka an gama, magani ya yi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar da zan tambaya wuta ta riga ta cinye wurin da ake karantawa, ni kuma ban matsa in duba ba.

Fim ɗin ya yi makonni ana sa shi. Mutane ba sa kiransa da komai sai fim ɗin Mutari. Ni kuma kullum ina ƙara gishiri. Na koyi karkata kaina, na koyi dushe murya, ina sauka daga durom ina zagaya benci da cokali a hannu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni tara jama'a na yi su zo kallo. Kafin damina ta faɗi sunan ya fita daga rumfa ya shiga gari. Shef Bandi, sannan aka gajarta shi ya koma Bandi.

Ya yi ƙoƙari, wannan na shaida. Ya sake buɗe teburin shayinsa. Sai samari suka riƙa zuwa su sayi kofi ɗaya su biyar, su zauna suna jiran ya ɗauki cokali, da ya fara juyawa wani ya raɗa, "Yanzu zai tashi garin." Bai cika wata uku ba ya sayar da teburin. Mata kuma suka sami abin tsorata yara: ka yi shiru ko in kira Bandi. Su ba su ga fim ɗin ba ma, suna kawai suka ji. Wata rana 'yar maƙwabcinsa, yarinyar da ya sha ɗauka a kafaɗa, ta yi kiciɓis da shi a lungu, ta saki kwanon da ke hannunta ta yi ta ihu har ta jiƙa zanenta.

A ranar, kafin magariba, ya same ni a ƙofar rumfa ina zuba wa gurup mai. Ya tsaya a kaina. Sannan ya ce, "Habu, wasan nan bai isa ba?"

Habu ya ce. Na ji, kuma na gane. Amma akwai mutane uku a zaune suna saurare, sai na ce, "Kai, taubashi da fushi? Sai in tara maka tsofaffi su yi maka hukunci."

Ya dube ni da kan nan nasa a karkace, ya ce, "Haka ne." Ya tafi.

Daga ranar bai sake ce mini Kan Tulu ba. In mun haɗu ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya yi mini Allah ya ba da sa'a. Baƙo zai ce girmamawa ce. A wurinmu kuwa, ranar da taubashinka ya fara gaishe ka da ladabi, ranar zumunci ya mutu, gawarsa kawai kuke ɗauke da ita. Shekara tara muka yi a haka. Ya mayar da rawaninsa, ya koma gonarsa ta hanyar Tsauni, yana fita kafin gari ya cika, yana dawowa ta bayan gari. Ci-rani bai sake zuwa ba. Ni kuma na bar fim ɗin daga baya, ba don kunya ba, faifan ne ya karce. Sau nawa na kama hanyar gonar in ba shi haƙuri, in kai rabi in ce gobe. Gobe ta yi ta zuwa har ciwon ƙirji ya kwantar da shi cikin damina, kwana shida ya cika. A maƙabarta na ji wani yana tambaya wa ya rasu. Aka ce Mutari. Ya ce wane Mutari? Aka ce Bandi. Ya ce, "Allahu akbar, Allah ya jiƙansa."

Ya bar matarsa Rabi da 'ya'ya huɗu. Babbansu Lawali, yana da shekara biyar lokacin da aka yi fim ɗin, bai san komai ba. Bayan rasuwar ni na tsaya a kan gidan. Ni na kai Lawali wurin direba ya koyi mota, ni na yi ta zirga-zirga har ya sami farmi, takardar izinin tuƙi. Mutane suna cewa a yi koyi da Habu wajen riƙon zumunci, ni kuma ina amsawa da Allah ya sa mu dace. Waɗanda suke cikin rumfar a ranar, wasu sun mutu, wasu Legas ta cinye su, waɗanda suka rage kuma ba sa faɗa, domin su ma sun yi dariyar. Rabi ban sani ba ko ta sani. Ban taɓa tambaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda zamani ya juya. Fim ɗin nan ya dawo. An fassara shi da Hausa, fassara ta gaske, ba irin tawa ba, yana cikin portabul ɗin kowane saurayi. Kuma yaran yanzu ba ruwansu da jarumin. Mugun suke so. Suna cewa shi ne namiji, shi ne mai aji, ba ya roƙon kowa. Na ga fuskarsa a jikin riga ana sayarwa ranar kasuwa, kusa da masu tumatir. Na ga samari lafiyayyu, wuyansu kalau, suna karkata kai in za a ɗauke su hoto. Abin da ya kori mutum daga teburinsa ya rufe masa fuska shekara tara, shi ne yau ake yi don ado. Me Mutari zai ce? Na yi ta tunani ban samu ba. Wani lokaci in ga kamar zai yi dariya ta gaske, ya ce ashe da wuri ya zo duniya. Wani lokaci in ga kamar zai ja rawaninsa ya bi ta bayan gari kamar kullum. Na fi zaton na biyun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Makon jiya ne ranar rasuwarsa ta zagayo. Rabi ta yi waina sadaka, Malam ya zo aka yi addu'a a ƙofar gida. Da aka watse Lawali ya kama hannuna ya ce in zo in ga wani abu. Mota ce, tsohuwa amma an gyara ta, an fesa mata farin fenti. Wani Alhaji ne ya ba shi ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Matameye da ƙauyuka, ya kuma ce ya rubuta abin da yake so a jikinta. Ya zaro portabul ya nuna mini hoton shef bandi da kofinsa.

"Baba Habu, gobe da safe zan kai ta wurin pentir mai zanen motoci," in ji shi. "Ɗan Bandi za a rubuta a baya, da manyan baƙaƙe, a zana wannan a gefe. Ina so ka zo ka sa albarka. Inna ba ta son maganar, ka san mata. Kai ne ka fi kowa sanin yadda ya sami sunan. Don ba ya tsoron kowa ne, ko ba haka ba?"

Yana murmushi, haƙoransa irin na ubansa. Na dubi motar, na dubi takalmina. Na ce, "Allah ya kai mu goben." Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, abin da ya iya faɗa ke nan.

A daren nan na san abin da ke gabana. In na yi shiru, yaron zai ci gaba da ganina uba, motar kuma za ta riƙa yawo daga nan har Icirnawa tana kiran Mutari da sunan da ya roƙe ni in daina, ɗansa na cikinsa yana tuƙa ta da alfahari. In na faɗa, zan karɓe wa yaron abin da yake taƙama da shi, in ba shi labarin ubansa yana bin bayan gari, sannan in rasa gidan da ya rage mini na gwaggo. Ba wanda ya tilasta mini. Shirun da ya rufa mini asiri shekara ashirin zai iya ƙara ashirin.

In aka ce me ya rage na Mutari, ba shi da yawa. Gonar tana nan, ƙannen Lawali suna nomawa. Sauran mutum biyar da suke ɗakin nan na Kano, uku muna raye, da 'ya'ya da jikoki, ba wanda ya taɓa rubuta wannan a bayan mota. Haƙurinsa ma ya rage, amma ba na son yabonsa da yawa, domin ni na ɗora masa shi, kuma al'adar da muke taƙama da ita ce ta ɗaure masa baki. Taubasantaka ba ta da laifi. An yi ta ne don mutum biyu masu ƙarfi ɗaya, wannan ya jefa wancan ya rama. Ni na jefi wanda ba shi da hannun ramawa, a gaban jama'a, na kuma kira shi wasa. Magana zarar bunu ce. Tawa ta fi wanda aka yi wa ita daɗewa, ga shi har tana neman fenti. Allah ya jiƙan Mutari ɗan gwaggo, ya sa wutar da ya ɗauka a duniya ta zama iyakarta ke nan.

Washegari da na fito daga sallar asuba ban koma gida ba. Na wuce rumfar pentir na zauna a kan wata tsohuwar taya har rana ta fito. Pentir ya zo ya jera gwangwanayensa, ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya. Can Lawali ya iso da motar, fasinja biyu a ciki. Ban bari ya fito ba. Na tsaya a bakin tagar na faɗa masa duka, a gaban pentir da fasinjojin, tun daga kallon hantsi har zuwa amsar da na ba ubansa a ƙofar rumfa. Ban rage ba, ban ce suɓul da baka ba. Bai zage ni ba. Ya riƙe sitiyari yana kallon gabansa, ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kana cin tuwon Inna."

Na ce e.

Ya tada mota ya kama hanyar Tsauni, bayanta fari fat. Ni kuma na kakkaɓe rigata na taka zuwa gidan Rabi, domin saura ita. Na tsaya a ƙofa na yi sallama.